Kafin a Koyi Gudu, a Koyi Cire Ƙafa

Ranar da muka fara sa takalmin keke mai maƙalewa a feda, mu biyu a ƙofar masallaci muka zube, bayan La'asar, dattawan Sabo na zaune. Tsayawa muka zo yi mu gaida su. Muka kama birki, ƙafa ta ƙi fita, kekuna suka kwanta da mu kamar buhunan albasa. Wani Baba ya gama dariyarsa ya ce, "Samari, shekara talatin muna dakon goro a kan Rali, ba wanda ya taɓa ɗaure ƙafarsa!"

Muna shirin shiga gasar tirayatalon ne, wato wasa uku a jere: iyo, tseren keke, sai gudu. A ma'aunin Olamfik, inda wasan ya shiga a Sidini a 2000, iyo kilomita 1.5 ne, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. A irin wannan tafiya takalmin na da amfani, don ƙafa ba ta zamewa ko an tashi tsaye a hawan tudu, kuma kowa ya san tuddan Ibadan.

A tafin takalmin akwai wani ɗan maƙali da ke shiga feda ya ce ƙas. Ja da ƙarfi ba ya fitar da shi, sai an murɗa dunduniya waje. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa dabarar a 1984, daga irin maɗaurin masu sulu a kan ƙanƙara.

Dariyar dattawa da sauƙi. Abin da ya tsorata mu shi ne tunanin a ce a shataletalen Mokola aka yi faɗuwar, Micra a baya, okada a gefe. Sai muka koma baya. Muka sassauta ɗan notin da ke matse fedar. Muka dafa bango muna maƙalawa muna cirewa har ƙafa ta haddace. Daga nan sai fili mai ciyawa, da hular kwano a ka, mako biyu kafin mu sake taka kwalta.

Yanzu dokarmu guda ce: tun daga nesa, da ka hango cunkoso, cire ƙafa ɗaya, kullum ita ɗin, ka karkata gefenta. Masu gasa kan bar takalmi a maƙale da feda su yi tsalle su hau. Wannan mun bar wa gwanaye tukuna. Kuma muna tafiya da silifa a aljihun riga, don maƙalin na santsi a kan tayil ɗin wurin alwala.

Ƙannenmu da ke sha'awa, ku zo mu nuna muku a fili kafin ku hau titi. Baban nan kuwa har yau in mun doso sai ya ɗaga murya: "To, a kwance ƙafa!" Mu kuma mu ce, "An kwance, Baba."