Libarba a Gidana: Abin da Na Rubuta Cikin Wata Guda a Teksas

Asabar, 5 ga Oktoba

Yau na shiga kantin bindigogi da niyyar saye. Tun da aka ɓalle ƙofar maƙwabcinmu da tsakar dare a watan jiya maganar ta ƙi barin raina, ga shi aikina na dare ne, ina barin uwargida da yara su kaɗai har gari ya waye.

Mai kantin, wani dattijo, fistol na zamani ya fara miƙo min, Glock 17 mai cin harsashi 17. Ya ce 'yan sandan Amurka ma sun ajiye libarba tun tsakanin shekarun 1980 da 1990. Gaskiyarsa ce. Amma ni libarba na zo nema, domin ba ta ɓoye komai. Ka tura gangarta gefe, ramuka shida na kallonka, ko da harsashi ko babu. Fistol kuwa kana iya zare masa gidan harsashi alhali guda ɗaya na kwance a ciki, kuma ta nan ake yawan samun tsautsayi.

Uku ya shimfiɗa min a kan tabarmar roba. Colt Python, wadda ta fara fitowa a 1955 aka kuma dawo da ƙera ta a 2020, kyakkyawa ce ƙwarai, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin aljihuna. Smith & Wesson 686 ta fi taushin kunama. Ruger GP100, ƙirar 1985, ita ce mai kaurin jiki, nauyinta ya ɗara kilo ɗaya. Na juya su, na yi godiya, na tafi ban ce komai ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

Bayan sallar isha'i na zauna da uwargida. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Abban yara, ɓarawo wataƙila ya zo, wataƙila kada ya zo. Yaranka kuwa kullum suna cikin gidan nan." Ban sami abin cewa ba, don ni ma abin da ke ci min rai ke nan. Alƙaluman hukumar CDC sun nuna mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a ƙasar nan a 2021, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. Wato bindigar da ke cikin gida ta fi kusa da mutanen gidan fiye da kowane ɓarawo.

Sharaɗi biyu ta gindaya. Akwatin ƙarfe zai riga bindigar shigowa gidan, kuma ita ma za ta koyi yadda ake buɗe ta a tabbatar babu komai a ciki. Na amince da duka biyun.

Laraba, 9 ga Oktoba

An kawo akwatin. Na ɗaure shi da ƙusoshi a can saman durowar kayanmu, inda hannun yaro ba ya kaiwa ko ya taka kujera. Lambobi ake dannawa ya buɗe. Dokar Teksas ta mai da shi laifi mutum ya yi sakaci har yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai ga bindiga mai harsashi, amma ko babu dokar da na saya.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Daga masallaci na wuce kantin na ce a ba ni GP100 mai bututu inci huɗu da ɗoriya, ta farin ƙarfe marar tsatsa.

Mutanen gida suna ɗauka a Amurka kuɗi kawai ake miƙawa a ɗauki bindiga. A kanti mai lasisi ba haka ba ne. Sai ka cika shekara 21 kafin a sayar maka da ƙaramar bindiga. Ka nuna katin shaida mai hoto da adireshinka, sannan ka cike fom mai lamba 4473. Tambayoyinsa ba sa kwana-kwana: kai ne ainihin mai saye ko wani ya aiko ka, an taɓa yanke maka hukunci kan babban laifi, an taɓa kama ka da laifin dukan iyali, kana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi har da wiwi, kotu ta taɓa cewa kana da taɓin hankali. Ƙarya a fom ɗin nan kurkuku take kai mutum. Mai katin zama na dindindin kamata yana da damar saye, sai ya rubuta lambar katinsa. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, a mafi yawan lokuta doka ta hana shi.

Mai kantin ya tura bayanaina ga NICS, tsarin binciken da FBI ke gudanarwa tun 1998. Amsa uku ce ke fitowa: a sayar, a dakata, ko a hana. Tawa ta zo kafin in gama duba mazubin harsasai. Teksas ba ta da kwanakin jira kamar wasu jihohin, don haka na fito da kwalin a hannuna, haɗe da kwaɗon da dokar tarayya ta wajabta a bayar tare da kowace ƙaramar bindiga. A ra'ayina wannan saurin ya yi yawa. Mutumin da ya shigo da ɓacin rai ya kamata a ba shi dare biyu ko uku ya huce.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yara sun tafi islamiyya, muka buɗe kwalin mu biyu. Harsasai suna wani ɗakin daban.

Na daɗe ina kallon yadda take aiki. Idan ka fara jan kunama, gudumar da ke baya tana ɗagowa a hankali, a lokaci guda ganga na juyawa ta hagu tana kawo rami na gaba daidai bakin bututu. Za ka ji wani ɗan ƙaramin "ƙas" lokacin da ganga ta kulle, ka ƙara ja kaɗan, guduma ta faɗi. Ja ɗaya ya yi aiki biyu ke nan, ya ɗana ya kuma saki, shi ya sa ake ce mata mai aiki biyu. Jan yana da tsawo, yana da nauyi, kusan na kilo biyar a kan yatsa ɗaya. Idan kuwa ka ɗana gudumar da babban yatsa tukuna, kunama takan koma baya ta yi sauƙi, taɓi kaɗan ya ishe ta. Akwai kuma wani siririn ƙarfe a ciki da ke tasowa tsakanin guduma da allurar da ke bugun harsashi, ba ya tasowa sai an ja kunama har ƙarshe. Ko bindigar ta faɗi ƙasa a kan gudumarta ba za ta tashi ba.

Uwargida ta koyi tura ganga, ta leƙa ramukan, ta zura ɗan yatsa ta shafa su. Ta kasa jan kunamar da farko, sai da ta gyara riƙo. Ta ce ƙotar ta yi mata kauri. Ni ma haka na ji.

Talata, 15 ga Oktoba

Ranar farko a filin koyon harbi. Malamin tsohon soja ne. Kafin in taɓa harsashi ya sa na maimaita ƙa'idoji huɗu: ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yi nufin lalatawa ba, yatsa ya nisanci kunama sai ka saita, ka kuma san abin da ke bayan abin da za ka harba. Ta biyun ta tuna min da hadisin da ya hana nuna wa ɗan'uwa makami saboda kada Shaiɗan ya fizgi hannu. Tun muna yara ake karanta mana shi, yau na ga hikimarsa da idona.

Da harsashin .38 Special muka fara. Bindigar .357 Magnum tana cin duka biyun, domin kaurinsu ɗaya, sai dai kwanson .357 da ya fito a 1935 an ɗan ƙara masa tsawo da gangan don kada ya shiga tsofaffin bindigogin da ba za su jure ƙarfinsa ba. Da .38 bindigar ɗan tunkuɗa hannu kawai take yi. Da ya ba ni .357, duk da toshin kunne sai da na ji ƙarar a haƙorana, wuta ta feso ta ɗan tsagin da ke tsakanin ganga da bututu. Ya nuna min tsagin ya ce yatsa bai taɓa zuwa wurin ba, iskar da ke fita nan tana yanka nama. A cikin ɗaki da daddare, irin wannan ƙara da walƙiya za su kurmantar da ni su kashe min ido. Na yanke shawara .38 za ta zauna a akwatin.

Harbina yana karkata ƙasa. Ya ce hannuna na tsoron ƙarar tun kafin ta zo, maganinsa kuma ja a hankali ba tare da tsayawa ba. Da muka gama ya tura ni na wanke hannu da sabulu saboda ƙurar dalma, ya ce in canza riga kafin in ɗauki yaro.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na canza ƙota. Ta robar da ta zo da ita na cire, na sa ƙarama ta katako wadda ba ta da gurbin yatsu. Ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita. Yanzu gaɓar farko ta yatsana tana hawa kunama ba tare da na murɗa hannu ba, ita ma uwargida haka. Na kuma sauya ɗan tsinin saiti na gaba da mai koren haske, saboda baƙin yana ɓace min idan haske ya yi ƙasa. A wannan ƙirar aikin minti biyu ne.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na kai ta wurin mai gyaran bindiga, kuma a nan ne na fi daɗewa ina tunani. Kowa a filin harbi shawara ɗaya yake ba ni, in sa sifirin mai laushi kunamar ta yi sauƙi. Mai gyaran ya ɗora ta a ma'auni, ya ja, ya saurara da kunnensa. Ya ce abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai nauyi, akwai kaushi. Kaushi daga gogayyar ƙarafan ciki yake, ana goge su su yi santsi. Nauyi kuwa daga sifirin yake, kuma shi ne ke ba guduma ƙarfin fasa gindin harsashi. Ka rage shi da yawa, wata rana ka ja ka ji shiru. Ga mai gasar harbi maki ɗaya ya rasa. Ga wanda ya ajiye ta don tsaron gida, maganar daban ce.

Na ce ya goge kaushin ya bar sifirin yadda kamfani ya sa shi. Dalilina ya wuce wanda ya faɗa. Mutumin da ya farka a firgice ƙarfe uku na dare, zuciya na dukan uku-uku, yatsansa ba nasa ba ne. Dogon jan nan mai nauyi shi ne ɗan lokacin da ya rage masa ya gane inuwar da ke tsaye a falo ɗansa ne ya fito shan ruwa. Saboda wannan nauyin na zaɓi libarba tun farko, ba zan biya kuɗi a cire min shi ba. Kuma na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa ɗana guduma da babban yatsa a cikin gida ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yayana ya kira daga Katsina. Labari ya kai masa. Bayan gaisuwa ya ce, "Ƙanena, mu da 'yan bindiga suka hana noma ai mu ya kamata ka aiko wa." Da gaske yake, na ji a muryarsa.

Na ce masa, "Yaya, ba zai yiwu ba." Fitar da bindiga daga Amurka ba da izini ba babban laifi ne. A Najeriya kuma Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ko a watan Yunin 2022 da Gwamna Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga su kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, cewa ya yi gwamna ba shi da wannan ikon. Bayan doka ma, me harsashi shida zai yi wa garken babura masu AK-47? Abin da ke damun ƙauyukanmu aikin hukuma ne, kuma abin kunya ne a bar manomi yana roƙon makami daga ƙaninsa da ke wata duniya. Mun yi shiru a waya. Na tambayi Hajiya, ya ce tana lafiya. Ban yi barcin kirki ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Na karɓo ta daga mai gyara. Nauyin na nan, amma jan ya zama sumul daga farko har ƙarshe. A filin harbi ramukan sun fara taruwa wuri ɗaya. Malamin ya koya min zubar da kwanso: baki sama, a bugi sandar fitar da kwanso da tafin hannu sau ɗaya. Idan baki na kallon ƙasa, ɓurɓushin albarushi yakan maƙale ƙarƙashin tauraron da ke turo kwansunan, ganga ta ƙi rufuwa. Ya kuma hana ni wurga ganga ta rufe da kanta irin yadda ake yi a fim, ya ce yana lanƙwasa hannun da ke riƙe da ita.

Da daddare na zauna wanki. Gajeren kwanson .38 yana barin zoben baƙar toka a cikin kowane rami, idan ya taru dogon kwanson ba ya shiga. Buroshin tagulla, ɗan mai, tsumma, rami bayan rami. Da na lissafa akwati da darasi da harsasai da kuɗin mai gyara, sun kusa kamo kuɗin bindigar kanta.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mun zaunar da yaran. Na gaya musu akwai bindiga a gidan, a kulle take, kuma duk inda suka ga irinta, ko a gidan aboki, kada su taɓa, su fita su kira babba. Babban ya tambaya ko zan riƙa fita da ita. Na ce a'a. Tun 1 ga Satumba 2021 dokar Teksas ta ba yawancin waɗanda suka kai 21 damar yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, amma ni don gida na saye ta, a gida za ta zauna.

Duk da haka za mu shiga ajin neman lasisin, domin a can ake koyar da inda doka ta yarda a kare kai da inda ta hana. Karatun awa huɗu zuwa shida ne, sai jarrabawar harbi da harsashi 50. Asabar mai zuwa za a yi, ni da uwargida duk mun ba da sunayenmu.