Tukwanen da aka kife bayan rumbu

A garuruwan Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, da kuma wasu ƙauyukan gulbin Maraɗi, in mutum ya zagaya bayan rumbunan tsoffin gidaje yakan tarar da manyan tukwane a kife, gindinsu baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Sun ɗara tukunyar tuwo girma nesa ba kusa ba, bakinsu kuma ya fi na randa faɗi. Ba a girki da su, ba a zuba musu ruwa, ba a kuma fasa su. In yaro ya tambaya sai a ce masa na mutanen da ne. Tukwanen giya ne, giyar dawa irin wadda Azna ke dafawa, wadda ake kira burkutu a Najeriya, dolo a Mali da Burkina Faso, cukutu a Benin da Togo, pito a Gana, bilbil a arewacin Kamaru.

Wani malamin kimiyyar halittu da ke koyarwa a wata kwaleji ta Dogon Dutsi a irin wannan gida ya tashi. Kowace shekara darasi kan zagayo kan yadda ƙananan halittun da ido ba ya gani ke juya zaƙi ya koma tsami ko barasa. Littafin yakan kawo misalin inabi da sha'ir, ya ambaci Luwi Pastar na Faransa, wanda a 1857 ya nuna cewa tsamin madara aikin halittu ne masu rai, ya kuma fitar da littafi sukutum kan giya a 1876. Ɗaliban ba su taɓa ganin gonar sha'ir ba, saboda haka malamin yakan kawo musu misalin nono da ƙullin masa, daga nan ya ja baki. Alhali kuwa a ƙauyensu akwai kakarsa, wadda ta haura shekara 80, ta kuma yi kusan rabin rayuwarta tana wannan aiki da hannunta. Ta kife tukwanenta tun yunwar 1984, wadda aka laƙaba wa suna El Buhari, lokacin da dawar tuwo ma ta gagara, balle ta jiƙo. Kafin abinci ya dawo ƴaƴanta sun kama salla, ita ma ta bi su, zancen ya mutu a gidan.

Abin da ya tayar da shi shi ne ƙungiyar raya al'adu ta garin, da ta ƙudura tattara kayan aikin gida na dauri don nuna wa ƴan makaranta. Aka ɗora wa malamin sashen tukwane. Da ya je neman aron guda, tsohuwar ta dube shi da irin wasan da ke tsakanin kaka da jika, ta ce: "Maigidana, yau kuma giya ka zo in dafa maka? Ina ce liman kake son zama." Ya ce: "Kaka, ba sha na zo ba, tambaya na zo." Ta ce to ya zauna, don amsar ta kwana bakwai ce.

Kwana bakwai ɗin kuwa ba ƙari ba ne. Jar dawa ake zaɓa, a sheƙe, a wanke, a jiƙa ta kwana guda a randa. Sai a tsame a baza a inuwa, a lulluɓe da ganye ko tsohuwar tabarma, ana yayyafa ruwa safe da maraice har kwana 3 ko 4, ƙwaya ta fid da saiwa da tsiro. Daga nan a shanya a rana ta bushe ƙayau, a murtsuke saiwoyin a fece, a niƙa a dutse, ba lilis ba, da ɗan tsaki-tsaki. Garin ake damawa da ruwa a babbar tukunya, a zuba yauƙin ɓawon karan kuɓewa ko na dargaza don gari ya kwanta da sauri. Idan ya kwanta, sai a kwashe ruwan saman da ƙwarya a ajiye gefe, a dafa kaurin da ya rage kamar kunu, a sauke, a mayar masa da ruwan da aka ajiye. A bar shi ya kwana ya yi ɗan tsami, a tace da kwando mai shimfiɗar ciyawa, dusar ta tafi ga dabbobi, ruwan kuma ya koma wuta a yi ta tafasa shi kusan yini guda. In ya huce a zuba masa busasshen gindin giyar da ta gabata, wanda ake ajiyewa tamkar iri. Da dare tukunya ta kama kumfa da tsuwa, da safe a fito da ƙoƙuna. Ƙarfinta ba ya cika wuce kashi 2 zuwa 4 bisa ɗari na barasa, ba ta kuma jimre ajiya: bayan kwana ɗaya ko biyu tsami ya cinye ta.

Wurin kwashe ruwan sama ne malamin ya tsaya ya sake tambaya, domin a nan ya gane darasinsa. Tsiro yana haifar da wasu sinadarai a cikin ƙwaya, waɗanda ke narka sitaci ya zama sukari, amma zafi mai yawa yana kashe su. Sitacin sha'ir yakan nuna tun wajen digiri 60, kafin sinadaran su lalace, shi ya sa Bature ke iya haɗa kome a tukunya guda. Sitacin dawa kuwa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, inda mafi yawan sinadaran ba sa rayuwa. Mai dafa giyar dawa ta warware matsalar ta hanyar raba biyun: ruwan da ke ɗauke da sinadaran ya tsira a gefe, garin ya sha wuta shi kaɗai, sannan a sake haɗa su a zafin da yatsa ke iya jimrewa. Da ya tambaye ta dalili, cewa ta yi in aka dafa su tare giya ba ta zaƙi, haka ta gani ga uwarta. Murtsuke saiwa da doguwar tafasa ma suna da dalilinsu. Kowane makiyayi ya san ɗanyen tsiron dawa na kashe dabba, saboda gubar siyanid da ke cikinsa, kuma fecewa da shanya da wuta su ke rage ta. Tsamin kwana guda, shi kuma, aikin irin halittun da ke tsamama nono ne, yana hana miyagun ƙwayoyin cuta samun wurin zama.

A ƙasashen Turai da Amurka wannan aiki ya zama abin sha'awa da ma'aikaci ke yi a gidansa ranar hutu. Ingila ta soke buƙatar lasisin dafa giyar gida a 1963, a Amurka kuma shugaba Jimi Kata ya sa hannu a dokar da ta halatta shi a 1978. Kayan mai wannan sha'awa sanannu ne: tukunyar ƙarfe, bokitin roba mai cin lita 20, ma'aunin zafi, wata siririyar kwalba mai iyo da ke nuna yawan sukarin ruwa, da ƴar toshiya mai ruwa a ciki wadda ke barin iska ta fita ba tare da wata ta shiga ba. Tsiron sha'ir a shirye yake saye, da yis a ƙunshi, da furen hublo mai ɗaci wanda ke taimaka wa giya ta daɗe. Yakan tafasa awa guda, ya jira mako ɗaya ko biyu, ya ɗura a kwalabe. Tsamin da tsohuwar ke nema da gangan, shi akasari gudunsa yake, yana ta wanke kaya da magani don kada ya shigo. Shi kuɗi yake kashewa don nishaɗi, ita kuwa da tukwanenta ta biya harajin gida a shekarun da gona ta ƙi, ta kuma yi wa ƴaƴa mata kayan ɗaki. Ko manyan masana'antu sai da suka waiwayi dawa: da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dole kamfanoninta na giya da na lemon malt suka koyi sarrafa dawa, suka ci karo da matsalar zafin nan da matan karkara suka daɗe da sanin makamarta.

Tsohuwar ba ta yi wa sana'ar kwalliya ba. Ta faɗi yadda giya ke tara maza wurin gayya, yadda ake fito da ita ranar naɗin sarkin noma da ranar makoki, da yadda ake fara zuba wa ƙasa kafin kowa ya kai ƙoƙo baki, rabon iskoki da kakanni. Ta kuma faɗi sauran. Ta ambaci magidantan da suka shanye damman gandu tun kafin bazara, da matan da suka sha duka ranar kasuwa, da itacen da kowace dahuwa ke ci a dajin da ya riga ya fara sanƙo. Ta ce: "Abin da na bari na bari, ban kuma yi da-na-sanin barinsa ba. Amma kada wani ya ce maka uwata jahila ce."

Da tukunyar ta iso gari, sai gardama ta tashi cikin ƙungiyar kan abin da za a rubuta a ƙarƙashinta. Wani dattijo ya ce a mayar da ita inda ta fito, domin hukuncin giya a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, kuma bai kamata a kai wa yara abin da zai sa su sha'awa ba. Wani ya ce a bar ta, a rubuta "tukunyar dafa kunun biki", kowa ya huta. Malamin, wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba, ya yarda da dattijon kan hukuncin, bai kuma nemi a koya wa kowa dahuwa ba. Shawara ta biyun ce ya ƙi. Hujjarsa ita ce masu bincike irin su Gi Nikola a gulbin Maraɗi da Mark-Anri Piyo a ƙasar Arewa sun riga sun rubuta rayuwar Azna da faransanci, kuma duk ɗalibin da ya kai jami'ar Abdu Mumuni a Yamai zai karanta. Ranar da ya gane cewa malamansa sun sauya wa tukunya suna, me zai hana shi shakkar sauran abin da suka faɗa masa game da kakanninsa? Ya ce mutum na iya barin hanyar kakansa ba tare da ya yi masa ƙarya ba.

An kwana biyu ana kai da komo. A ƙarshe aka rubuta layi biyu, da hausa da faransanci: tukunyar dafa giyar dawa ta Azna, an daina aiki da ita a 1984. Dattijon bai gamsu ba, ya kuma faɗi haka a fili, amma bai fita daga ƙungiyar ba. A aji kuwa malamin ya sami abin da ya daɗe yana nema. Yakan sa ɗalibai su jiƙa tiya guda ta dawa, su tsirar da ita, su shanya, su niƙa, su zuba garin cikin kunu mai kauri da ya ɗan huce. Cikin ɗan lokaci kunun ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da ko ƙwayar sukari ba, yadda ake yin kunun zaƙi tun kafin sukari ya yi araha. A nan gwajin ke tsayawa, sauran a allo ake bayaninsa, ya kuma gaya musu wurin wa ya koya.

Matan da suka san aikin daga jiƙo har sauke tukunya tsufa ya cim musu, kuma da yawa ba wanda ya taɓa tambayarsu. Tare da su za a binne sunayen irin dawar da ta fi tsiro, da itatuwan da ake samun yauƙi, da kalmomin kowane mataki, waɗanda suka bambanta daga Arewa zuwa Gobir zuwa Adar. Malamin makaranta da ke da irin wannan kaka ba ya buƙatar izinin kowa ko kuɗin wani shiri, littafin rubutu da biro da haƙurin zama kan tabarma sun ishe shi. Malamin Dogon Dutsi ya cika shafi 14, kuma tsohuwar ta ce ya dawo bayan kaka, akwai zancen maginan tukwanen da ba ta gama ba.