Girkin Babbar Salla a Gidanmu

Akwai wata magana da ake yawan yi mana mu 'yan makarantar kwana, wai boko yana kashe hannun 'ya mace, ta iya alƙalami ta manta muciya. A gidanmu da ke Ƙofar Kwaya, cikin birnin Katsina, Gwaggona ce mai wannan ra'ayi. Har ta shawarci Baba kada ya kai ƙanwata makarantar kwana, don kada a yi asara biyu.

Da aka ba mu hutun Babbar Sallar 2024 na tarar Inna tana jego, ba ta da ƙarfin shiga madafi. Ga shi mu goma sha takwas ne a gida, ban da baƙi. Sai na durƙusa na ce wa Baba a bar mini girkin Salla. Ya ce, "Za ki iya kuwa?" Na ce, "In Allah ya yarda, Baba." Abin da na ƙudurta shi ne waina da funkaso da miyar taushe.

Aikin ya fara tun jajibere. Na jiƙa tiya biyu ta shinkafar tuwo, na kai inji aka markaɗa da albasa, na zuba dafaffiyar shinkafa kaɗan da yis, na rufe ƙullin ya kwana. Da asuba ya tashi har yana kumfa. Na sa ruwan kanwa don rage tsami, sannan na kwaɓa garin alkama na funkaso na ajiye a wuri mai ɗumi.

Da maza suka komo daga Idi aka yanka rago aka feɗe. Ni kayan ciki na karɓa, na wanke tumbi da hanji sau huɗu da ruwan zafi. Na ɗora su da daddawa da citta, da suka yi laushi na zuba kabewa da tattasai da attaruhu. Kabewa ta narke, na sa niƙaƙƙiyar gyaɗa, alayyafo da yakuwa kuwa sai a ƙarshe, don kada su yi baƙi.

Tuyar waina ita ce ta fi wuya. Tanda tana son garwashi daidai wa daida. In wuta ta yi yawa baya ya ƙone ciki ɗanye. Ƙannena suka tafi Ƙofar Soro kallo, ni ina tsugune ina juyawa da cokali, hayaƙi na cika mini ido. Sai bayan la'asar na sauke ta ƙarshe.

Gwaggo aka fara kai wa kwano. Ta gutsiri waina, ta duba cikinta, ta tsoma a miya. Ba ta ce uffan ba sai da ta cinye, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, ƙaro mini funkaso." Da dare na ji tana tambayar Baba kuɗin akwatin makarantar ƙanwata.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in mun je hutu kada mu naɗe hannu. Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku ku gwada mu tukuna kafin ku yanke hukunci. Hannun da ya riƙe alƙalami yana iya riƙe muciya.