Suna Ɗaya, Rubutu Uku

A zangon da ya wuce malaminmu na tarihi ya sa mu rubuta insha'i da Turanci a kan Koriya ta Kudu. Na duba littattafai biyu a laburare. Ɗaya ya ce shugabanta na farko, wanda ya hau mulki a 1948, shi ne Syngman Rhee. Ɗayan ya kira shi Yi Sung-man. Ni kuwa, garin gwaninta, sai na rubuta wai mutum biyu ne suka yi mulki tare. Malam ya karanta wa aji, aka yi ta dariya, na rasa maki biyar.

Daga baya ya yi mini bayani. Koriyawa suna da nasu haruffa, Hangul. Sunan dangin nan "I" kawai suke faɗinsa, amma a boko sai ka ga Lee, Yi ko Rhee. Kuma sunan dangi suke fara sawa. Shi ne ya mai da nasa baya irin na Turawa. Gwamnatinsu ta kawo sabon tsarin rubutu a 2000, amma ba ta tilasta wa kowa canza sunansa ba.

Na sake aikin, na bar masa Rhee daga farko har ƙarshe, tun da haka shi kansa yake rubutawa. Makina biyar dai ba su dawo ba.