KUNUN MATAR DAKTA

Na san wasunku sun ƙosa su ji yadda za a kwashe tsakanin amarya da uwargida a labarin da muka baro a babi na 14, to ku ƙara haƙuri, yau ba ƙagaggen labari na zo da shi ba. Zancen kunu ne. Kada ku yi dariya, don kunun nan ya ba ni wahalar da wani littafi bai taɓa ba ni ba.

Duk wanda ya saba karanta littattafaina ya san halina, jarumata ba ta karya kumallo da koko da ƙosai. Sai dai ka ji ta sauko daga bene tana zuba ƙamshi, ta jera wa Alhaji kuloli a tebur, wannan girkin Indiya, wancan na Larabawa. Allah ya sani rabin abin da nake jerawa ban taɓa sa shi a baki ba, a fim na gani. Tun da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa irin littattafanmu suna Adabin Kasuwar Kano ake mana gorin kwaikwayon Indiya, in na ji sai in ja tsaki. Amma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ban kuma taɓa sa shi a bakin wata jaruma ba, shi ne uwar da ta haife ni ta yi shekara biyu cur tana wanke tukwanen Indiyawa a nan Samaru.

Mahaifinmu ya rasu a 1986 ina 'yar shekara shida, ya bar Inna da mu uku. A lokacin Jami'ar Ahmadu Bello cike take da malamai baƙi, Turawa da Indiyawa da 'yan Pakistan da mutanen Gana, har a makarantun sakandare za ka tarar Ba'indiye ne ke koyar da lissafi. Wata maƙwabciyarmu ta samo wa Inna aikin raino da wanke-wanke a gidan wani Dakta Ba'indiye a kwatas ɗin malamai. Dangin babanmu suka yi ta surutu, wai matar malam guda ta koma 'yar aiki. Surutun dai suka iya, ba wanda ya aiko da ko mudun gero. Ana nan darajar naira ta zube bayan gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP, baƙin nan suka yi ta haɗa kaya ɗaya bayan ɗaya, a 1988 su Dakta ma suka tafi. Inna ta koma sayar da ƙuli-ƙuli. Ni kuwa da na shiga sakandare, in an tambaye ni sai in ce uwata kasuwanci take yi. Wancan zancen na binne shi.

A hunturun 2023 ciwo ya kwantar da Inna. Bayan mun baro asibiti a Shika jikin ya yi sauƙi, amma abinci ya gagara. Tuwo ta ce yana tsaya mata a wuya, kunun tsamiya yana tayar mata da zuciya, kunun gyaɗar da ta rene mu da shi ma sai ta kurɓa sau biyu ta ture kofin. Likita ya ce ba a zuba magani a cikin da babu komai. Ina ji ina gani zoben hannunta ya fara sulluɓewa da kansa. Wata asuba ina shafa mata man zafi a ƙafa, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, da yake ni ce 'yar fari ba ta kama sunana:

"Ke, da za a samu irin kunun matar Dakta da na sha."

Shekara 35 rabon da in ji ta ambaci matar nan.

Na ce, "Inna, da me ake yin sa?" Ta ce ita dai ta san da madara, da dabino, da wasu 'ya'yan itace farare da ake yankawa sirara, da wani ɗan abin ƙamshi kore kamar jaririyar kuɓewa. 'Yata da ke jami'a ta duba waya ta ce, "Umma, ai ots ne, Indiyawa na dafa shi da madara kamar yadda suke dafa kir." Kir ɗin nan shi ne shinkafa da madarar da muke gani suna sha a kwano ranar biki.

Ban jira rana ta yi zafi ba na hau mota sai kasuwar Sabon Gari. Gwangwanin Quaker Oats ɗaya ya fi mudun gero tsada, don ots hatsi ne na ƙasashen sanyi irin su Kanada da Rasha, shigo da shi ake yi. Ɗan koren na same shi wurin masu kayan shayi. Larabawa na ce masa hel, Indiyawa ilaichi, wanda ya taɓa shan gahawa a Makka ya san ƙamshinsa. Almon kuwa da na ji kuɗinsa sai na sayi 'yan ƙwarori, na cike da kashu da gyaɗa. To in ba mu yi alfahari da gyaɗa a Samaru ba a ina za a yi, alhali cibiyar binciken noma ta IAR da ta fitar da irin SAMNUT ga ta nan a bakin titi? Mai dabino ya baje mini busasshen ɗan Agadas da wani mai laushi, na ɗauki mai laushin saboda haƙoran Inna.

Tukunyar farko na zuba komai lokaci guda na bar su suna tafasa. Madarar ta tsinke ta yi gudaji kamar za a yi awara. Ashe dabino in ya daɗe yana tafasa cikin madarar shanu yakan tsinka ta. Yara suka shanye, su ba ruwansu. Ta biyu ta yi kyau a ido, fari tas, na kai mata ina ta fara'a. Ta kai cokali baki ta ajiye.

"Wannan ai kunun asibiti ne. Ba ki soya ba."

"A soya kunu, Inna?"

Nan ta yunƙura ta gyara zama da kanta, abin da ta yi sati uku ba ta yi ba. Ta ce matar Dakta kan narka man shanu a tukunya, su gi suke ce masa, ita Inna ce ma ke sayo mata ɗanyen man wurin matan Fulani a kasuwar Samaru su soya tare. Za ta fara soya 'ya'yan itacen su yi ja ta kwashe, sannan ta zuba hatsin cikin sauran man tana juyawa har ƙamshi ya cika gida, duk kafin ruwa ya taɓa shi. Tana faɗa tana juya hannu a iska kamar da muciya a ciki. Ta ce hatsin ma ba wannan na gwangwani ba ne, alkama ce take kaiwa inji a ɓarzo, suna kiran ta daliya. Wato na je na kwaso na Kanada, alhali ga alkamarmu a buhu a layin 'yan hatsi.

Daga nan zance ya wuce kunu. Ta ce matar ba ta jin Hausa sai 'yar gaisuwa, ita kuma ba ta jin Turanci, amma ranar da wasiƙa ta iso cewa uwar matar ta rasu a can ƙasarsu, a kicin ta zauna dirshan a ƙasa ta kifa kai a kafaɗar Inna tana kuka, Inna na buga mata baya tana cewa sai haƙuri. Ta ce duk ranar da aka dafa kunun sai matar ta ɗebo a kwano ta ce a kai wa yara. Sai a lokacin na tuna kwanon. Na silba ne mai hawa uku, da abin maƙalewa a gefe. Wallahi na sha kunun nan, ba sau ɗaya ba, muna rige-rigen kankare ƙasan kwanon ni da ƙannena. Na tashi na shiga kicin na daɗe ban kunna wuta ba.

Tukunya ta uku ma sai da na yi abin kunya. Man shanun da ke gidan na ɗauko, wanda aka soya da albasa don tuwo. Inna ta sansana ta yi dariya har da tari, ta ce, "Da miyar kuka za a sha shi?" Rabon da in ji dariyarta tun kafin mu tafi asibiti.

Ga yadda na tsaya a kai, ga mai son gwadawa. A samu man shanun da ba a sa wa albasa ba, cokali ɗaya babba. A soya yankakken kashu da almon da gyaɗar da aka murje, a kwashe. A zuba ots cikin gwangwanin madara ɗaya a sauran man, a juya a wuta kaɗan kamar minti uku, in ya ƙone ɗaci zai yi. A zuba ruwa gwangwani ɗaya, in ya tafaso a bi da madara gwangwani biyu, in ta gari ce a dama ta da kauri. A fasa hel guda uku a daka 'ya'yan cikin a zuba, a yi ta juyawa minti biyar zuwa shida kada ya kama. Dabino guda bakwai za a cire wa ƙwallo a jiƙa da ruwan zafi a dake su lukui, amma ba za a zuba ba sai an sauke tukunya ta ɗan huce. Ba a sa sukari, mai ciwon suga kuma ya tambayi likitansa, don dabino ba wasa ba ne. Na zauna a kan ots ɗin ne saboda laushinsa, ɓarzajjiyar alkama tana son doguwar dahuwa da ɗan tauna. Na Inna ma har 'ya'yan itacen dakawa nake yi.

Ranar farko ta sha rabin kofi, washegari ta shanye. Ta ce ƙamshin ya yi, amma na matar Dakta ya fi, ban yi musu ba. Kafin azumin 2024 ta koma cin tuwo, zoben ma ya zauna.

Jiya da safe na kai mata kofinta, na tsuguna na ce, "Inna, ina so in rubuta labarin zamanki a gidan Dakta, mutane da yawa za su karanta. Ko in bari?"

Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "To da sata na je yi gidan?" Sannan ta miƙo mini kofin ta ce in ƙaro mata, gobe kuma in rage dabinon.