Mako Guda da Ruwan Maiƙo a Wata Masana'antar Man Gyaɗa a Kano

Litinin
Ruwan da ke fitowa daga sashen tace mai fari ne fat kamar nono. Sodar da ake wanke ɗanyen mai da ita tana haɗuwa da tsamin man ta zama sabulu, sabulun kuma ya riƙe ɗigon maiƙo a tsakiyar ruwa ya hana shi tasowa. Ramin tarkon maiƙo manyan ɗigo kawai yake kamawa.

Talata
Mun zuba alif don ɗigon ya dunƙule, sannan muka saki ruwan da aka matsa wa iska. Ƙananan kumfa suka kwaso maiƙon zuwa sama, aka kwashe. Tsohon ma'aikacinmu ya ce, "Injiniya, duk abin da ya tsere mana a nan, matatar ruwa ce za ta biya kuɗinsa."

Laraba
Tankin bakteriya. Su ne masu cinye ragowar man, amma mai kaɗai ba ya ƙosar da su. Ƙa'idar ita ce 100:5:1 tsakanin dattin da za su ci da naitirojin da fosforas, don haka muka ƙara takin yuriya da fosfet. Iskar oksijin kada ta gaza miligiram 2 a lita.

Alhamis
Wuta ta ɗauke cikin dare, injin hura iska ya tsaya. Da safe tanki na warin ruɓaɓɓen ƙwai. Muka rage ruwan da ke shiga, muka bar bakteriya su farfaɗo. Gaggawa ba ta da amfani a nan.

Juma'a
Famfo ya fara wahala wajen jan ruwa, alamar matatar ruwa ta toshe. Zare ne dubbai masu rami a tsakiya, ƙofofinsu ba su kai maikuron ɗaya ba. Tarewa take yi, ba ta cin mai; da bakteriya suka raunana, maiƙon ya lafe a jikinta. Bayan masallaci muka jiƙa ta da bilic, sannan sinadarin tsamin lemo ya cire gishirin da ya daskare.

Asabar
Ruwa ya fito garau. An kai samfuri ɗakin gwaji, domin ido ba ya auna maiƙo, kuma iyakar da aka gindaya ita ce miligiram 10 a lita. Magudanarmu kogin Challawa take nufa, inda ake noman rani. Saura lakar da muka kwashe: ranar Litinin za a yanke inda za a kai ta.