Kumatun yabo da jinin dasashi

A Zangon Kumasi, in yaro ya yi ƙiba uwarsa ake yaba wa. "Kai Hajiya, kasuwa ta karɓe ku!" Haka mata ke ce mini in sun ga ɗana na biyu, mai shekara 15. In na tura hotonsa Katsina kuwa, kakarsa har guɗa take yi, don a wurinta kumatun jika su ne shaidar ba mu wulaƙanta a ƙasar mutane ba.

Abin da ba ya fitowa a hoto shi ne jinin da yake tofarwa duk safiya in ya goge baki. Dasashinsa ya kumbura, ya yi jajir. Mun yi ruwan ɗumi da gishiri, mun yi kanumfari, ya lafa ya dawo. Da na kai shi wurin likitar haƙori, tana gama duba bakin sai ta ce ya hau sikeli. Na ce, "Likita, baki muka kawo fa." Ta yi dariya ta ce, "Mama, ai bakin a jikin yake."

Ga yadda na fahimci bayaninta. Tushen ciwon shi ne dattin da ke manne wa gindin haƙori, inda ƙwayoyin cuta ke taruwa. Shekarun balaga kuma dama suna sa dasashi saurin kumburi. To kitse in ya yi yawa ba kwanciya kawai yake yi ba, yana sakin wasu sinadarai cikin jini masu rura kumburi, shi ya sa ake yawan ganin matsalar dasashi a masu ƙiba. Sannan ƙiba na buɗe ƙofa ga ciwon sukari, shi kuma yana ƙara lalata dasashi. A matakin da yaron yake ana warkewa sarai. In aka bari ya ci ƙashin da ke riƙe haƙori, wannan ba ya dawowa da kansa.

Mu da ke fita Kejetia tun da asuba, sai magariba ake ganinmu, kuɗin abinci muke danƙa wa yara. Su kuwa me za su saya? Lemon kwalba, fanke, biskit, alawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 6 a yini, alhali gwangwanin lemo ɗaya ya zarce haka. A 2023 gwamnatin Gana ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari kan irin waɗannan abubuwan sha, amma ban ga layin yara ya ragu a shagon maƙwabcinmu ba.

An wanke masa haƙoran. Yanzu buroshi da man goge baki safe da dare, asuwaki kuma kafin salla. Kuɗin lemo na mayar da shi na ayaba da gyaɗa, na kuma sa shi zuwa ƙwallo da yamma, ko da yake rabin lokacin tsaron gida yake zaɓa don kada ya yi gudu.

Wuyar tana wajen magana. Yaro a wannan shekarun kalma ɗaya ke karya shi, don haka na hana 'yan'uwansa kiransa da sunan tsokana, ni ma ba na cewa ƙiba, sai dai in ce lafiyar baki. Jinin ya tsaya cikin mako uku. Wando dai har yau yana matse shi, kakarsa kuma ta riga ta bugo waya tana tambayar wa ke hana jikanta abinci.